Rakiyar da Ban Yi wa Mamudu Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga mahaifinka Buhari, a Jugu, zuwa ga ɗana Isufu, a Banikanni ta Paraku.

Gaisuwa mai yawa tare da addu'a. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Saude, kamar yadda ta baro mu. Allah ya tsare ka a garin da ka sauka, ya sa ka shiga aikin koyarwar nan da ƙafar dama, ya haɗa ka da maƙwabta na gari. Innarka tana gaishe ku ƙwarai.

Ba labarin gida zan ba ka ba, don babu abin da ya canja tun fitarka in ban da shirun ɗakinka. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne na ji Hamza ɗan Baba Mamudu da wasu abokanku biyu za su zo maka ranar Asabar ta sama, su kwana, su juyo Lahadi. Na kuma ji saƙon da ka aiko musu, wai za ka zaga da su gari kaf, ka kai su inda ake cin abinci a kan tebur. Da na ji haka gabana ya faɗi, Isufu, don maganata ce na ji ta fito daga bakinka. Na taɓa yin irin wannan baƙuncin a wannan garin, kuma mutum ya zo hannuna da sauran gani a idonsa, ya tafi ban sani ba.

Baba Mamudu nake nufi. Kai ka tashi ka tarar da shi da sanda a hannu, kana tsammani haka aka haife shi. Ni na san shi da idanunsa, har ya fi mu gani duka. Tun muna makarantar allo, daga nesa yake hango goron da tsutsa ta shiga ya ce a ware shi. Ka karanta abin da zan faɗa maka a zaune, kada ka karanta shi a tsaye kana sauri.

Gidanmu, ka sani, gidan masu saukar baƙi ne tun zamanin ayarin goro. Kakana ya sauki fataken da ke tasowa daga Gwanja da masu gangarowa daga Kano, mahaifina ya riski ƙarshen abin. Akwai yadda ake yi, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini, ido ne ya ɗauka. Baƙo in ya iso, ruwa ake fara ba shi, a shimfiɗa masa tabarma, a fito da abinci daga cikin gida a ci tare da shi. Ba a tambayarsa abin da ya kawo shi, ko kwana nawa zai yi. Sai ranar tafiya mai gida ya karɓi kayansa ya riƙe, ya taka da shi har su wuce gidan ƙarshe na unguwa, inda babu kunnen iyali, babu na maƙwabci. A nan mutum yake buɗe baki. Neman aure ne, rigimar gado ce, ciwon da ake jin nauyin faɗa ne, duk a bakin hanya mahaifina yake karɓarsu. Yakan fita rakiya da hantsi sai azahar a gan shi.

Na san duk wannan. Ban jahilce shi ba, raina shi na yi.

Ba da daɗewa da samun 'yancin kai ba na sami aiki a gar ɗin Paraku, wato tashar da jirgin ƙasa yake ƙarewa, a rumbun da ake sauke kaya. Ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal, wato makarantar boko, shi ne ya ba ni aikin. Aka ba ni rigar kaki da hula, kuma wallahi kaina ya kumbura har hular ta yi mini kaɗan. A lokacin abokaina na ƙut da ƙut su biyu ne, Mamudu da Garba. Garba ya tsaya a kan goro a kasuwar Jugu. Mamudu kuwa ya bar fatauci ya koma noman doya a wajen Onklu, gefen wani rafi inda ƙananan ƙudajen nan baƙaƙe suke cizon mutane, waɗanda daga baya aka ce su ke kawo makanta. Wata rana wani direba ya kawo mini saƙo cewa suna tafe ranar Asabar. Na yi murna, amma ba irin murnar da ta kamata ba. Murnar na sami 'yan kallo nake yi.

Innarka amarya ce a lokacin. Tun da safe ta tari Fulani ta sayi wagashi, cukun nan na nono, ta dafa doya, ta nemo maƙwabciya suka kama turmi. Su kuwa suka sauko daga bayan kamiyo, babbar motar kaya, ƙafafunsu a kumbure, don a kan buhuna suka zauno tun daga Partago. Na bar su suka ajiye kaya a zaure, suka gaisa da innarka daga bakin ƙofa, sai na ce, "Ku taso, jirgi ya kusa isowa, kada ya wuce mu."

Mamudu ya ce, "Haba Buhari, bari mu ɗan zauna mu sha ruwa mana."

Na ce, "Ruwa kuma? Akwai limonad mai sanyi a gar. Ku dai taso."

Suka taso. Baƙo ba ya gardama da mai gida, kuma wannan ne ya sa nauyin yake kanka. Don haka in sun iso maka, ka zaunar da su. Ka bar su su wanke ƙafa, su yi salla, su yi shirun gajiya. Ka dubi fuskar kowa a tsanake, ka ga wanda ya rame da wanda ya yi ƙiba, wanda dariyarsa ta kai ciki da wanda tasa ta tsaya a leɓe. Garin ba gudu zai yi ba.

A gar na shiga gaba ina zuba kamar wanda ya ƙera jirgin da hannunsa. Ga inda yake shan ruwa, ga inda ake juya kansa, ga ofishin shef mai kula da tashar, ga buhunan gyaɗa masu tafiya bakin teku. Mamudu yana riƙe da hannun Garba, ban kawo kome a raina ba, don haka abokai suke tafiya a garinmu. Da jirgin ya shigo da ƙugi da hayaƙi, Garba ya ja da baya yana salati. Mamudu bai motsa ba, sai ya karkata kai ya ce, "Wane launi ne da shi?" Na ƙyalƙyale da dariya na ce, "Ga abu gabanka ya fi ɗaki girma kana tambayar launi!" Wajen ƙetare dogo ya yi tuntuɓe har takalminsa ya fita. Na ce masa a birni ana duba ƙasa.

Daga nan na ja su kasuwar Arzeke, rana tsaka, cikin turmutsitsi. Duk abin da na nuna da yatsa, Garba sai ya bi yatsan da ido, Mamudu kuwa sai ya juyo inda muryata take. Ina jin Garba yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yana cewa ga rumfar atamfa, ga masu kwanon sha, ɗaga ƙafa akwai kwata. Na ɗauka gulmar birni suke yi irin ta mutanen gida. Kai, Allah ya yafe mini. Duk abin nan a bayana ake yin sa, ni ina gaba ina magana ta kan kafaɗa.

Ban ce kada ka nuna musu gari ba, kada ka ce Baba ya tsufa ya hana yawo. Ka nuna musu, yara ne, za su ji daɗi, su dawo su ishe mu da labari. Amma ka bi bayansu, kada ka shiga gaba. Ka yi tafiyar wanda ya fi kowa nawa. Kuma ka rage surutu, don na san bakinka, irin nawa ne, in ya buɗe sai an yi kiran salla. Mutumin da ya zo da magana a ciki yana jiran ka ɗan yi shiru ne ya sami inda zai sa ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci. Da la'asar ta yi, maimakon in mai da su gida, sai na kai su wani otel kusa da gar, na wani mutumin kudu, inda manyan ma'aikata suke ci. Farin ƙyalle a kan tebur, kowa da asitinsa, wato farantinsa, kowa da cokali mai yatsu. Mu da muka tashi muna cin tuwo a akushi ɗaya, muna faɗa a kan ƙanzo, sai ga shi an raba mu kowa da gabansa. Aka kawo shinkafa da nama. Mamudu ya yi ta bin naman da cokalin nan yana kuɓuce masa. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, ya ture shi, ruwa ya bi farin ƙyallen har cinyata. Mai kawo abincin ya yamutsa fuska. Ni kuwa, don in wanke kaina a gabansa, sai na yi murmushi na ce masa da Faransanci ya yi haƙuri, mutanen daji ne, yau suka shigo gari.

Na manta Garba yana shiga ofishin duwan, wato kwastan, a kan kayan goro, yana jin Faransancin da ya ishe shi. Ya ɗago ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Mamudu bai ji Faransanci ba, amma ya ji dariyar. Ya ajiye cokali, ya haɗa hannuwansa a cinya, ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Ko rabin asitin bai ci ba.

Da muka koma gida muka tarar da innarka ta ci kwalliya, sakwara tana rufe a kwano ta sandare, miyar wagashi ta yi sanyi. Ta ce, "Malam, a fito da abincin?" Na ce mun ci a otel. Ta ɗauki kwanukan ta raba wa maƙwabta. Ka sha tambayarta me ya sa ba ta cin abincin sayarwa ko a tafiya, tana ce maka cikinta ne ba ya so. Ba cikinta ba ne.

Ka ga, da a kwano ɗaya muka ci, da na gani. Wanda kuke sa hannu tare ba ya iya ɓoye maka kome. Da na ga hannunsa yana laluben bakin kwano, da na ga Garba yana tura masa nama gabansa, da jikina ya ba ni. To abincin farko dai a gidanka za a ci shi, daga tukunyar Saude, a tabarma, a kwano ɗaya, ko da gayan tuwo ne. Wannan haƙƙinta ne ita ma, don ta nan abokanka za su san ka ajiye mace a gida. Bayan haka in kana so ka kai su su ci tsire a bakin titi, ko ma otel ɗin, bismilla. Amma duk abin da baƙonka ya yi a gaban bare, kai ne ka yi shi. In ya zubar da ruwa, ka ce kai ka ture tebur. Kada ka kuskura ka sayi mutuncin kanka da nasa.

Washegari Lahadi, bayan mun karya, Mamudu ya yi ƙoƙari. Yana juya kofin koko a hannu ya ce, "Buhari, gidan likita yana da nisa daga nan?" Ka san abin da na ce? Na ce, "Af, shi ma ai abin kallo ne, zan nuna muku." Bayan mun zaga karar shanu da sabon masallaci, na kai su har ƙofar gidan likitan. Na tsai da su a bakin titi ina cewa ku dubi gini, ku dubi fenti, ku dubi tagogin gilashi, Jugu sai yaushe. Mamudu ya tsaya yana fuskantar ƙofar, ya daɗe. Na ce mu tafi, tsire yana jiranmu. Na kai mutum har bakin ƙofar da ya zo dominta, na nuna masa fenti. In na tuna wannan tsayuwar, har yau abinci yakan fita raina.

Sai maganar tafiya. Ina da wani direban kamiyo da muke mutunci da shi a gar, na roƙe shi ya biyo ta ƙofar gidana ya ɗauke su, ya kuma ba su gaba kusa da shi. A ganina na yi musu gatan da ba a taɓa yi wa wani ɗan Jugu ba. Da la'asar motar ta tsaya, direba yana ta matsa oda, yaran unguwa sun taru. Mamudu ya fito da jakarsa ya tsaya a bakin zaure bai matsa ba. Ya ce, "Ba za ka ɗan taka mana ba, Buhari?"

Na ce, "Taka ina? Ga mota har ƙofa. Wannan wahalar ai ta zamanin jakuna ce."

Ya ce, "Ko zuwa bakin titi."

Na ce, "Direba yana sauri." Na karɓi jakar daga hannunsa na cilla ta bayan mota, na kama shi na tura shi sama. Da ya zauna, ya juyo wajen muryata ya ce, "To, Allah ya saka da alheri. Mun ga gari." Na koma ciki ina jin daɗin kaina, har ina gaya wa innarka ba za su manta da wannan zuwan ba.

Aiki ya riƙe ni, ban je gida ba sai wata Babbar Salla. A filin idi na hango Mamudu ana jan sa da hannu. Na kama Garba na ja shi gefe. Ya ce mini tun kafin zuwansu Paraku ganin Mamudu ya fara dushewa, kamar mai duba ta cikin hayaƙi. Ya ji an ce akwai likitan ido a Paraku, amma ba ya jin Faransanci, bai san ƙofar da ake shiga ba, bai san kowa ba sai ni. Ya sayar da doyarsa ya yi shiri. Sun yanke cewa in na fita rakiya zai gaya mini, Garba ya wuce gida shi kaɗai, shi ya kwana in kai shi ranar Litinin.

Na ce, "Garba, kai me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Maganarsa ce, ba tawa ba. Kuma a daren otel ya tambaye ni abin da ka gaya wa mutumin nan. Ban iya yi masa ƙarya ba. Ya ce in dai ba ka taka da shi ba, kada in buɗe baki."

Ban sani ba ko likita zai iya tsai da ciwon. Na ga waɗanda suka je suka dawo da sanda, na ga waɗanda aka taimaka. Allah ne masani, kuma abin da ya rubuta ba ya kuskure, na yi imani da wannan. Amma kada ka bari kowa ya lallashe ka da ƙaddara a kan abin da ke hannunka. Tafiya ce daga ƙofar gida zuwa bakin titi aka roƙe ni, na hana.

Tun da na bar aiki na dawo Jugu, duk zuwan da Mamudu zai yi gidan nan sai na raka shi. Kun sha yi mini dariya kai da ƙannenka, wai gidan da ke bayan masallaci ne ake yi wa rakiya kamar mai tafiya Makka. Nakan bi da shi ta doguwar hanya, ta bayan unguwa, in yi shiru, ko zai ce wani abu. Shekara da shekaru bai taɓa tayar da maganar ba. Hirar doya, hirar ruwan sama, sai da safe. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar Juma'ar nan da ta wuce, bayan an sauko, ya biyo ta nan muka ci abinci, na fita raka shi. Da muka wuce gidan ƙarshe, wajen itatuwan mangwaron nan, sai ya ja ya tsaya. Ya ce, "Buhari, akwai kowa kusa?" Na ce babu. Ya ce, "Ka san shagon ɗinkin Hamza jikin ɗakina yake. Ni yanzu da kunne nake gani. Da can in zare ya tsinke, kafin in ja numfashi keken ya ci gaba. Yanzu sai ya yi shiru, ya yi shiru, ina jin yaron yana tsaki, yana jan kujera zuwa bakin ƙofa wajen haske. Ya yi shekarunsa na ƙuruciya a gonar nan ta bakin rafi tare da ni. Na tambaye shi, ya ce allurar ce ba ta da kyau. Bai gaya wa uwarsa ba, bai gaya wa matarsa ba. Sai ga shi rana ɗaya ya ce zai je Paraku ganin gari."

Na kama hannunsa na ce, "Mamudu, wancan zuwan da kuka yi, ni ne..." Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya ce, "Bar wannan, Buhari. Nawa sun riga sun tafi. Na Hamza nake magana."

To ka ji abin da ke tafe gidanka ranar Asabar. Kada ka nuna masa ka sani, kada ka gaya wa Saude, kada ka tambaye shi a gaban abokai ko a bayansu. Ɗan Mamudu ne, in ka riga shi buɗe maganar zai ce lafiyarsa lau, ya hau mota. Tun yanzu ka je wurin shugaban lakwal ɗinku ka roƙi ranar Litinin. Ka je gidan likita da ƙafarka ka gano ƙofar masu duba ido da lokacin da ake karɓar mutane. Ranar Lahadi kada mota ta zo ƙofarka. Ka riƙe jakarsa, ku taka zuwa tasha, ka bar sauran biyun su yi gaba. In kun yi nisa bai ce kome ba, ka rage tafiya, ka ƙara yin shiru. Zai faɗa. Mahaifinsa ya ce zai faɗa in ya sami wanda ya tsaya.

Allah ya kawo su lafiya, ya tsare su daga sharrin hanya da na ƙarfe. Allah ya tsare ka kai da iyalinka, ya rufa muku asiri, ya sa gidanka ya zama inda mai damuwa yake samun sauƙi. Allah ya yi maka albarka, Isufu. Ban taɓa roƙonka wani abu don kaina ba, yau na roƙe ka. Mamudu ya ce zai zauna a zaurena ranar Litinin har direban da ke tasowa daga Paraku da yamma ya iso, don haka duk abin da likita ya ce, mai daɗi ko marar daɗi, ka aiko mana ta hannunsa a ranar.

Wassalam.

Mahaifinka,
Buhari